Amsoshin Tambayoyinku: Daga ina ranar 29 ga Fabrairu take zuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a unguwar Zariya, nan cikin garin Maradi. Allah Ya ba ni ƴa mace ranar Alhamis 29 ga Fabrairu na 2024, har kakarta take kiranta Lami, kuma wannan ranar ce aka rubuta a takardar haihuwarta. Da shekara ta zagayo na duba kalandar da ke rataye a shagona, sai na tarar Fabrairu ya tsaya a 28, daga nan sai 1 ga Maris. Wan mahaifina ya ce wannan rana ƙirƙirar Nasara ce, tana kama da jinkirta watannin da Alƙur'ani ya hana, ya kuma ba ni shawarar in koma ofishin magajin gari a sauya ta. Ina roƙon bayani a kan asalin ranar da abin da ya dace in yi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya raya Lami, Ya albarkaci rayuwarta. Kafin komai, ina ba ka shawarar ka bar takardar yadda take, domin ranar da aka rubuta a cikinta rana ce ta gaskiya wadda hantsinta ya fito kuma magaribarta ta faɗi kamar kowace rana, kuma a cikinta aka haifi ƴarka.

Tushen al'amarin shi ne kwana da shekara ba su dace da juna daidai wa daida ba. Kwana yana samuwa ne daga juyawar duniya a kan kanta, shekara kuwa daga kewayen da duniya take yi wa rana, wanda shi ne yake kawo mana bazara da damina da kaka da ɗari bi da bi. Masana taurari sun auna wannan kewaye sun samu kwana 365 da awa 5 da minti 48 da kimanin sakan 45. Kalanda ba ta iya rubuta guntun kwana; babu yadda za a yi a ce wa jama'a sabuwar shekara za ta shiga bana da tsakar dare, baɗi da asuba, baɗin baɗaɗa da tsakar rana. Saboda haka ake rufe shekara a kan kwana 365 cif, a ajiye ragowar nan ta kusan awa shida a gefe.

Sana'arka ma za ta iya fassara maka sauran. Ka ɗauka mutum yana kawo maka ɗinki kowace salla, kuma duk lokacin da ka yanka masa riga sai kwatan yadi ya rage, ka naɗe ka saka masa a ƙarƙashin teburin keke. A karo na huɗu ƙyallayen nan sun tashi yadi guda, kuma amana ta wajabta ka fito da su ka miƙa wa mai su. Ranar 29 ga Fabrairu ita ce wannan yadin: ragowar shekara huɗu ce aka haɗa ta zama kwana guda, aka mayar wa kalanda. Lokacin ya riga ya wuce a sararin sama ko an rubuta shi ko ba a rubuta ba. Abin da mutane suka yi kawai shi ne ba shi suna da lamba. Shekarar da aka yi wa wannan ƙari takan zama mai kwana 366, malaman hisabi suna kiranta kabisa da Larabci, mai kwana 365 kuma basiɗa.

Da za a ƙi mayar da wannan ragowa, da ba za a ga illar ba a shekara ɗaya ko biyu, amma yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. A cikin shekara 100 kalanda za ta tsere wa yanayi da kusan kwana 24. Bayan shekara 400, ruwan nan mai ƙarfi da muka saba gani a Agusta, lokacin da Gulbin Maradi yake kawowa, gero kuma yana fitar da kai, zai riƙa sauka ne a watan da kalanda take kira Nuwamba. Bayan kimanin shekara 750 kuwa, hazo da sanyin hunturu za su riƙa samun mu a Yuni da Yuli. Damina ba za ta gusa daga lokacinta ba. Sunayen watanni ne za su zame daga kanta, har manomi ya daina samun wani amfani a kalanda. Wannan ya taɓa faruwa a zahiri. Misirawan dā suna da shekara mai wata 12 na kwana talatin-talatin da ƙarin kwana 5 a ƙarshe, jimla 365 ba ƙari, kuma watanninsu sun yi ta yawo cikin yanayi, ba sa komawa gurbinsu sai bayan kimanin shekara 1,460.

Wanda ya kafa ƙa'idar ƙara kwana duk shekara huɗu a kalandar da muka gada shi ne Yuliyus Kaisar, shugaban Rumawa, bisa shawarar wani masanin taurari na birnin Iskandariyya mai suna Sosijinis. A lokacin kalandar Rum ta riga ta rikice ƙwarai, har sai da aka miƙe shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ta kai kwana 445 don a mayar da watanni gurbinsu, sannan sabon tsarin ya fara aiki a shekara ta 45. Ka lura da wannan lokaci da kyau, Malam, domin yana nuna cewa ƙarin kwanan ya girmi addinin Kirista kansa, kuma an yi shi ne don daidaita watanni da yanayi. Ko bayan an kafa shi, waɗanda aka ɗora wa kula da kalanda sun yi shekaru suna kuskuren ƙara kwanan duk shekara uku, sai da sarki Agustus, wanda watan Agusta yake ɗauke da sunansa, ya gyara.

Dalilin da ya sa Fabrairu ne yake karɓar ƙarin shi ne a tsohon lissafin Rumawa shekara tana farawa ne da Maris, Fabrairu yana can ƙarshe, kuma a ƙarshe ake cike giɓi. Alamar wannan tana nan har yau a sunayen watanni: Satumba, Oktoba, Nuwamba da Disamba sun fito ne daga kalmomin Latin masu nufin bakwai, takwas, tara da goma, alhali yanzu su ne na tara zuwa na goma sha biyu. Waɗanda suka yi lakwal a cikinmu sun san ana ce wa irin wannan shekara bissextile da Faransanci. Asalin kalmar shi ne Rumawa ba sa ƙara rana ta 29. Suna maimaita ranar 24 ga Fabrairu ne, wadda a ƙidayarsu ita ce ta shida kafin shigar Maris, sai su ce “ta shida sau biyu”.

Sai maganar Baba, wan mahaifinka, wadda ta cancanci a tsaya a kanta da ladabi, domin tsoron saɓa wa Allah ne ya sa ya faɗe ta. Abin da yake nufi shi ne nasi'u, wanda ya zo a Suratut Tauba, aya ta 37, bayan aya ta 36 ta bayyana cewa adadin watanni a wurin Allah goma sha biyu ne, huɗu daga cikinsu masu alfarma. Larabawan Jahiliyya sukan ɗage alfarmar wata su kai ta wani watan, misali su halatta yaƙi a Muharram su haramta a Safar, wasu malamai kuma sun ambaci cewa sukan cusa ƙarin wata don aikin hajji ya riƙa faɗawa a lokacin da ya yi musu daɗi. Laifin a nan shi ne taɓa watannin ibada, a halatta abin da Allah Ya haramta. Ranar 29 ga Fabrairu kuwa ba ta cikin watannin ƙamariyya, wato na ganin wata, ko kaɗan. Ba ta gusar da azumi, ba ta ɗage Arfa, ba ta ƙara wa Rajab ko Zulƙida ko da awa guda. Ranar da aka haifi ƴarka tana da nata lissafin a watan Sha'aban na 1445, ana saura kwana goma da ɗoriya a ɗauki azumi, kuma wannan lissafin bai san da zaman Fabrairu ba. Hukunci na malaman fiƙihu ne, amma ta fuskar hisabi abubuwan biyu ba su haɗa hanya ba.

Kuma mu Musulmi ba baƙin lissafin rana ba ne. Lokutan sallolinmu biyar da rana ake gane su, shi ya sa jadawalin salla da ake mannawa a bangon masallatai yake bin Janairu zuwa Disamba, domin fitowar alfijir da faɗuwar rana suna faɗawa kusan a kan lokaci ɗaya a rana iri ɗaya ta kowace shekarar shamsiyya, wato shekarar rana. In da ba don kwanan kabisa ba, da jadawalin nan ya riƙa zamewa a hankali har ya daina aiki. Ka kai wa Baba wannan misali cikin girmamawa. Ina kyautata zaton zai gamsu.

Game da shekarun yarinya, babu abin da ya ragu. Duk lokacin da Fabrairu ya ƙare ta cika shekara, ko an rubuta 29 ko ba a rubuta ba, kuma idan kuna son tuna ranar a shekarun basiɗa, ku zaɓi 28 ga Fabrairu ko 1 ga Maris. Ranar za ta dawo a 2028, ranar Talata, ba kuma za ta sake faɗowa a Alhamis ba sai 2052, lokacin Lami tana da shekara 28 in Allah Ya kai mu. Ina ƙara jan hankalinka a kan takardar ne saboda abin da muka gani ga iyayenmu: da yawansu ba a rubuta haihuwarsu a kan lokaci ba, takardunsu suna cewa an haife su “wajen” shekara kaza, wasu kuma aka tara su duka a kan 1 ga Janairu. Ƴarka ta samu abin da su ba su samu ba, wato rana tabbatacciya. Sauya ta da hannunka zai haifar da saɓani tsakanin rajistar gidan haihuwa da takardun makaranta, kuma irin wannan saɓani yakan tashi ne a ranar da ake neman katin ɗan ƙasa ko fasfo cikin gaggawa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Tasawa. An koya mana cewa duk shekarar da ta rabu da huɗu ba saura, Fabrairunta kwana 29 ne. To na matsa kalandar wayar yayana har 2100, wadda ta rabu da huɗu, amma na ga 28. Kuskuren waya ne?

AMSA: Ƴata, wayar ba ta yi kuskure ba, kuma na ji daɗin yadda kika gwada abin da aka koya miki maimakon ki haddace kawai. Ƙa'idar da kika sani rabin ƙa'ida ce, ga cikonta.

Na faɗa a sama cewa ragowar kowace shekara “kusan” awa shida ce, kuma duk amsarki tana cikin wannan “kusan”. Ɗauki alƙalami ki ninka awa 5 da minti 48 da sakan 45 sau huɗu, za ki samu awa 23 da minti 15. Mu kuwa awa 24 cur muke ƙarawa. Ke nan duk shekara huɗu muna biyan rarar minti 45, wato minti 11 da ƴan sakanni a kowace shekara. Tsarin Kaisar bai kula da wannan rara ba, ita kuwa tana taruwa ta zama kwana guda a cikin kimanin shekara 128.

Kiristocin Turai ne abin ya fara damu, saboda bikinsu na Ista yana rataye ne da ranar da dare da yini suke daidaita a watan Maris. A zamanin taron manyan limamansu na Nikiya, a shekara ta 325, wannan daidaito yana faɗawa wajen 21 ga Maris, amma zuwa ƙarni na 16 ya zame ya koma wajen 11 ga wata. Sai Fafaroma Giregori na 13 ya zartar da gyara a 1582, bisa tsarin da wani likita ɗan Italiya mai suna Liliyus ya zana, wani masanin lissafi mai suna Kilabiyus kuma ya tsaya masa. Gyaran kashi biyu ne. Na farko, an tsallake kwana 10 a lokaci guda: mutanen Rum sun kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba na 1582, suka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Ki lura jerin ranakun mako bai katse ba, Juma'a ce ta bi Alhamis kamar kullum, kuma babu wanda aka rage wa kwanan duniya. Lambar da ke kan takarda ce kawai ta yi tsalle.

Kashi na biyu shi ne wanda kika ci karo da shi. Tun da rarar tana kai kimanin kwana 3 a shekara 400, sai aka ce a cikin kowace shekara 400 a hana shekaru uku kwanansu na ƙari, aka kuma zaɓi shekarun cikar ƙarni don sauƙin tunawa. Cikakkiyar ƙa'idar ke nan: shekarar da ta rabu da 4 kabisa ce, sai dai idan ta ƙare da sifiri biyu, to a nan ba ta zama kabisa sai ta rabu da 400. Shi ya sa 1700 da 1800 da 1900 ba su samu 29 ga Fabrairu ba, 2000 ta samu, 2100 da 2200 da 2300 kuma ba za su samu ba. Malamanku da iyayenku sun rayu ne a tsakanin 1900 da 2100, inda shekarar cikar ƙarni ɗaya tak da suka gani ita ce 2000, ita kuwa ta bi ƙa'idar huɗu, don haka ba su taɓa ganin togaciyar da idonsu ba. Ku da ƴaƴanku ne za ku iya riskarta: daga 2096 babu wata 29 ga Fabrairu sai 2104, shekara takwas ke nan a tsakani.

Da wannan tsari, shekara 400 tana ɗauke da kabisa 97, jimlar kwanakinta 146,097, wanda ya yi mako 20,871 daidai ba saura, shi ya sa kalandar take maimaita kanta gaba ɗaya bayan kowace shekara 400. Matsakaicin tsawon shekara ya zama kwana 365.2425, saɓaninsa da na sama bai kai rabin minti ba, kuma sai an haura shekara 3,000 kafin ya taru ya zama kwana guda.

Ƙasashe ba su karɓi gyaran a lokaci ɗaya ba. Faransa, wadda ta hannunta kalandar ta shigo ofisoshi da makarantun Nijar, ta bi tun Disamban 1582, inda 20 ga wata ta biyo bayan 9. Ingila ta jinkirta har 1752, lokacin giɓin ya zama kwana 11, aka tashi daga 2 ga Satumba zuwa 14. Rasha ba ta sauya ba sai 1918, da giɓin kwana 13. Suwidin kuwa ta so ta gyara sannu a hankali, lissafin ya cakuɗe mata, har ta yi ranar 30 ga Fabrairu a 1712 don ta koma tsohon tsari. Habasha har yau tana da nata lissafin mai wata 13, na ƙarshensu ɗan ƙarami ne mai kwana 5, yakan zama 6 duk shekara huɗu.

Ga wata hanya da za ki gane wucewar kabisa ko ba kalanda a hannunki. Kwana 365 mako 52 ne da kwana ɗaya, don haka kowace ranar wata tana matsawa gaba da rana ɗaya ta mako a shekara, idan kuma 29 ga Fabrairu ta ratsa sai ta matsa da biyu. Ranar ƴancin kan Nijar, 3 ga Agusta, ta faɗo Alhamis a 2023, ta tsallake Juma'a ta faɗo Asabar a 2024, sannan Lahadi a 2025. Ita ma 1960 ɗin da aka samu ƴancin a cikinta kabisa ce.

TAMBAYA: Allah gafarta Malam, ni manomi ne daga Madarunfa. Shin shekarar Hijira ita ma tana da irin wannan ƙarin kwana?

AMSA: Tana da shi, Malam, amma dalilinsa daban ne. Shekarar Hijira, wadda aka tsayar da lissafinta a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (RA) aka fara ƙidayarta daga hijirar Annabi (SAW) ta shekarar 622, wata take bi, ba ruwanta da damina. Matsakaicin tsawon wata daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Idan aka jera watanni ɗaya 30 ɗaya 29, an biya kwana 29 da rabin, shekara ta zama kwana 354, amma minti 44 ɗin nan na kowane wata yana nan a ajiye. A shekara yakan zama awa 8 da minti 48, a shekara 30 kuma awa 264, wato kwana 11 daidai. Saboda haka masu hisabi suka sanya kabisa 11 a cikin kowace shekara 30, inda Zulhajji yake cika 30 maimakon 29, shekarar ta zama mai kwana 355.

Wannan ƙa'ida ta masu buga kalanda ce da masu lissafin tarihi. Mu da muke fita bayan magariba ranar 29 ga wata muna duban yamma, ba mu buƙatarta, domin idan an ga jinjiri wata ya kama, idan ba a gani ba a cika talatin, kuma ta haka ragowar take biyan kanta ba tare da kowa ya ƙidaya ta ba.

Ƙarin kwanan Hijira yana daidaita kalanda da wata ne kawai, ba ya ɗaure ta da yanayi, shi ya sa shekararta take gaza ta rana da kwana 10 zuwa 12, azumi kuma yake kewaya bazara da ɗari da kaka da damina ya dawo inda ya faro cikin kimanin shekara 33. Kai da kake noma ka fi ni sanin cewa ba a duba Rajab ko Sha'aban don a san lokacin shuka. Ana duban hadari da iskar bazara da taurari irin su Kaza da ƴaƴanta, waɗanda tafiyarsu take bin shekarar rana. Masu tafsiri da dama sun kawo wannan bambanci a ƙarƙashin aya ta 25 ta Suratul Kahfi, inda aka ambaci shekara 300 da ƙarin 9, domin shekara 300 ta rana tana daidai da kimanin 309 ta wata. Saboda wannan gajartar ne ma, bisa lissafi, azumi zai kama sau biyu a cikin 2030: na farko a farkon Janairu, cikin tsananin ɗari, na biyu kuma a ƙarshen Disamba, bayan an gama kai amfanin gona rumbu.